Wasa 162, sannan a kore ka cikin kwana biyar?

Na san yawancin masu bibiyata a nan 'yan Firimiya ne da La Liga, don haka ku yi mini haƙuri yau, maganar besbol na zo da ita. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A babbar gasar Amurka, MLB, ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum a fili. Sai Oktoba a shiga zagayen fitar da gwani. Daga 1903 har 1968 ƙungiya biyu kacal ke zuwa wurin: wadda ta jagoranci rukunin American da wadda ta jagoranci rukunin National, su kara a World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi. A 1969 aka mayar da su 4, a 1995 suka zama 8, a 2012 suka koma 10. Tun 2022 kuma 12 ne. Masu ƙungiyoyin ma gurbi 14 suka nema a lokacin, ƙungiyar 'yan wasa ce ta ja daga.

Ni dai 12 ɗin nan sun yi mini yawa. Duk ranar da aka kai 14, an rage wa wata shida na gumi daraja.

Besbol ba ƙwallon ƙafa ba ne. Manchester City ta ci wasa 32 cikin 38 a kakar 2017/18. A besbol babu mai yin kusa da haka. Ƙungiyar da ta ci shida cikin goma gagaruma ce. Chicago White Sox ta 2024, wadda ta sha kashi sau 121, duk da haka ta ci wasa 41. Ma'ana, a rana guda kowa na iya doke kowa, kuma shi ya sa doguwar kaka ke da amfani, don a tace a ga wa ya fi ƙarfi da gaske. To ka gama wannan tacewar, sai ka ce a sake raba gardama da wasa uku ko biyar?

Ku dubi 2022. Los Angeles Dodgers ta ci wasa 111. San Diego Padres, da suke yanki ɗaya (kowane rukuni an kasa shi yanki-yanki), ta ci 89, tazarar wasa 22 ke nan. A cikin kaka sun haɗu sau 19, Dodgers ta yi nasara a 14. Da Oktoba ta zo, wasa huɗu aka buga, Padres ta ci uku, Dodgers ta tattara nata ya nata ta koma gida.

Ta 2023 ita ce ta fi tsaya mini a rai. Atlanta Braves 104, Baltimore Orioles 101, Dodgers 100. Su ukun nan, wasa ɗaya tak suka ci jimilla a Oktoba. Arizona Diamondbacks kuwa, wadda ta ci 84, wadda makin da aka zura mata a kakar ya fi wanda ta zura, ita ta share Dodgers uku ba ko ɗaya. A wasan farko Clayton Kershaw na Dodgers, ɗaya daga cikin gwanayen jifa na zamaninsa, mai bugu ɗaya kawai ya fitar kafin a cire shi, an riga an ci shi maki shida. Ya zauna a benci ya sunkuyar da kai, filin ya yi tsit. A wasa na uku, 'yan Arizona huɗu suka buga wa Lance Lynn, mai jifan Dodgers, ƙwallo ta tsallake katanga a zubi guda. Mookie Betts da Freddie Freeman, waɗanda suka ɗauki Dodgers a kafaɗa duk shekara, sau ɗaya suka samu bugu cikin tsayuwa 21. Ba lalacewa suka yi ba. Irin wannan mako yana zuwa wa kowane ɗan besbol, in a watan Yuni ne ba wanda zai tuna.

Akwai kuma dalili na tsari. A doguwar kaka sai kana da masu fara jifa biyar da benci mai zurfi. A gajeriyar karawa, gwanaye biyu da 'yan masu rufe wasa sun ishe ka. Wanda ya gina ƙungiya cikakkiya ba ya ganin ribar wahalarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce tsohon tsarin ba shi da nasa zaluncin ba. A 1993 San Francisco Giants ta ci 103 amma ba ta ga Oktoba ba, saboda Braves ta ci 104 a yankinsu. Kuma ba zan musa ba, sabon tsarin yana kawo daɗi. Texas Rangers ta ɗauki kofinta na farko a 2023 ta wannan ƙofa, ba tare da ta jagoranci yankinta ba. Detroit Tigers ta sayar da 'yan wasa a Yulin 2024 kamar ta haƙura, sai ga ta a zagayen fitar da gwani da wasa 86. A 2024 ɗin ma manyan rukunonin biyu, Dodgers da Yankees, su suka haɗu a World Series, don haka ba kullum babba ke faɗuwa ba. Wanda ya hana idonsa barci ya kalli wasa na bakwai tsakanin Dodgers da Toronto a 2025 ba zai ce Oktoba ta mutu ba.

Damuwata ita ce abin da tsarin ke koya wa masu kuɗin. In wasa 83 za su kai ka, kamar yadda suka kai Cincinnati Reds a 2025, me zai sa ka kashe dukiya neman 95? Bayan kakar 2023, Jerry Dipoto, mai kula da harkar 'yan wasa a Seattle Mariners, ya fito fili ya yi maganar cin kashi 54 cikin ɗari a tsawon shekaru goma. Magoya baya suka yi masa ca. Amma lissafin da tsarin ya ba shi ya yi. Kuma ƙarin wasannin Oktoba kuɗin talabijin ne kai tsaye, shi ya sa masu ƙungiyoyi ba sa gajiya da neman ƙari. Hatta wasan raba gardama na 163, da ake yi in an yi kunnen doki, an soke shi don a samu gurbi a kalanda.

Magani ba sai an ƙirƙiro shi ba. A Japan, ƙungiyar da ta jagoranci rukuninta tana shiga matakin ƙarshe na Climax Series, wato zagayensu na fitar da gwani, da aƙalla nasara ɗaya a aljihu, kuma duk wasannin a gidanta ake yi. A Koriya ta Kudu, wadda ta zo ta ɗaya kai tsaye take wucewa wasan ƙarshe, sauran su yi ta fafatawa su iso ta a gajiye. Hutun kwana biyar da MLB ke ba manyan ƙungiyoyi, ta hanyar tsallakar da su zagayen farko, bai kai wannan ba, wasu ma cewa suke yana sanyaya hannun masu bugu.

Yarjejeniyar da aka ƙulla da 'yan wasa a 2022 wa'adinta 1 ga Disamba 2026 ne. Abin da nake so shi ne a tsaya a 12, a mayar da zagaye na biyu wasa bakwai maimakon biyar, sannan wadda ta fi kowa nasara a rukuninta a ba ta wasa ɗaya kafin a fara, kamar yadda Japan ke yi.