Ni ne sarauniyar 2025

Tunda mai shayin bakin tasha ya riga ni ba da labarin nan, har ya ƙara masa gishiri da yaji, gara in faɗi nawa da bakina kafin a ce ko wandon ban koma gida da shi ba. Na koma da shi. A hannu dai, amma na koma da shi.

Kun san akwatunan zuman nan guda uku da na kafa a gindin ɗorawar gonarmu ta hanyar Birnin Kudu, irin na Kenya masu sanduna jere a sama. To a horon kwana biyu da aka ba mu a Dutse ne malamin ya ce mai kiwon zuma na ƙwarai yana yi wa sarauniyarsa alama. Ɗigon fenti guda a gadon bayanta, tsakanin fukafukai, yadda in ka buɗe akwati za ka hango ta cikin dubban ƙudaje ba sai ka yi ta lalube ba, ka kuma san shekarunta. In wata rana ka tarar da sarauniya ba ɗigo, ka san ta da ta yi ƙaura ko 'ya'yanta sun yi mata juyin mulki. Kuma ba kalar da ta yi maka za ka shafa ba, masu kiwon zuma na duniya kala biyar suke juyawa: shekarar da ta ƙare da 1 ko 6 fari, 2 ko 7 rawaya, 3 ko 8 ja, 4 ko 9 kore, 5 ko 0 shuɗi. Biyar ɗin sun isa, don da wuya sarauniya ta wuce shekara biyar, yawanci biyu ko uku ta gama yayinta. A mota muna dawowa na ƙirƙiro hanyar hadda: fura, rogo, jar miya, kunu, shayi. Har na biya wa direba. Bai ce komai ba.

Shekarar 2025 shayi ce, wato shuɗi.

Abin da malamin ya nuna mana wani alƙalamin fenti ne ɗan Japan, Posca, wanda da ruwa ake haɗa shi, ba wari, yana bushewa nan da nan. Ya ja mana kunne a kan fenti mai ƙarfin wari, ya ce zuma da ƙamshi suke gane uwarsu, in ta dawo musu da baƙon wari sai su dunƙule ta a tsakiya kamar curin fura har ta mutu. Na rubuta wannan a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Littafin yana nan, kowa yana iya zuwa ya gani.

Na nemi alƙalamin a Birnin Kudu babu, a Dutse babu. Na lallaɓa uwargida ta ara mini jan farcenta, ta ce wai kishiya zan yi wa kwalliya da kayanta? Na ce ƙwaro ne. Ta ce ai da bakina na ce sarauniya. Dama ja na 2023 ne, sai na haƙura kamar ni na fasa. Ta ce in ɗauki bular wanki in shuɗi nake so.

Haka na faɗa hannun mai waldan nan na kusa da injin niƙa, kun san shi. Na ce Oga, shuɗin fenti nake so, ɗan kaɗan. Ya shiga ciki ya fito da kore. Na ce wannan kore ne. Ya ce ai duk tsanwa ne. Na ce kore na bara ne, ni na bana nake nema. Ya tsaya yana kallona kamar mai tunanin ko a kira 'yan'uwana. Can ya zaƙulo ragowar wanda ya yi wa ƙofar wani Alhaji, ya riga ya yi kauri kamar tuwon jiya, ya tsiyaya fetur daga babur ɗinsa ya dama da tsinken walda, ya juye mini a gwangwanin madara. Naira 300. Na ce zan kawo. Warin kuwa tun daga nan har gida yana bin bayana, amma na ce a raina ɗigo ɗaya ne, me ɗigo ɗaya zai yi.

Sai Kawu. Ni ban gayyace shi ba, Auta ne ya kai masa labari. Mutumin nan tun ban san hagu da dama ba yake rataya amya a kan kuka da tsamiya, da dare yake hawa ba riga, da damin kara mai wuta a hannu, ya sauko da ƙwarya cike. Tun ranar da na kawo akwatunan nan yake ce musu makarantar zuma. In mun haɗu a masallaci sai ya ce, "Ɗan nan, ya 'yan makarantar taka, sun iya karatu?" Kuma har gobe bai yarda shugabar zuma mace ce ba, shi sarki yake cewa. Na gaya masa ita ke yin ƙwai, a lokacin albarka fiye da dubu a rana guda, ya ce to sarkin nasu ne ke da baiwa. Wannan mutumin fa har yau bai maido mini da igiyar da ya ara lokacin girbin gero ba, amma wannan wata magana ce.

Ranar Laraba bayan la'asar ya zo ya jingine kekensa a gindin darbejiya, can nesa inda ya san ba za su kai ba, ya zauna ya ɓare goro.

Na sa farar rigar aiki da hular raga da safar hannu. Ƙasa kuwa wandon shadda ne mai tazuge, don kuɗina rabin kayan suka saya, da baƙar safa. Ni da aka gaya wa zuma baƙin abu suke fara kai wa hari. Auta ya riƙe gwangwanin hayaƙi, mun cika shi da busasshen kashin shanu. Na ɗaga sanda ta farko, ta biyu, ta biyar. Wanda bai taɓa buɗe zumarmu ta nan da rana ba ba zai gane ba. A bidiyon Turawa za ka ga ƙudajen suna tafiya a hankali kan saƙa kamar masu zuwa ɗaurin aure. Namu gudu suke, su kwarara gefe guda su taru su zubo, sauran kuma suna dukan raga a daidai idonka kamar ana watsa tsakuwa. Zufa ta cika mini ido. A sanda ta bakwai na hango wani ƙato, mai kauri, ya fi kowa cika wuri, yana tafe yana ture na gabansa.

Na cire safar hannun dama kamar yadda aka koya mana, na kama shi a hankali ta ƙirji, ban taɓa ciki ba. Ko motsin harbi bai yi ba. Na ce Allahu akbar, ka ga sarauta. Na tsoma tsinken ashana a gwangwani na ɗiga masa shuɗi a tsakiyar baya, ban taɓa ido ba, ban taɓa fiffike ba. Wallahi ko malamin Dutse sai haka.

A nan ya kamata in jira ya bushe in mayar in rufe akwati. Sai na ce bari Kawu ya gani.

Na taka har gindin darbejiya, ƙwaro a dama, gwangwani a hagu. Na ce, "Kawu, ga sarkin naka, na naɗa shi." Ya karkata kai ya duba. Ya tauna goro. Ya sake dubawa.

"Ɗan nan, juyo mini da shi."

Na juya.

"Ka ga idanun nan manya da suka haɗe a tsakar ka? Ka ga gindin a dakushe kamar taɓarya? Sarki dogo ne, cikinsa ya wuce fukafukansa, ya tsuke a ƙarshe. Wannan ci-ma-zaune ne. Namiji. Ko ƙari ba shi da shi, shi ya sa ka ga ya yi maka ladabi."

Ban samu bakin amsa ba, don a daidai nan na ji wani abu yana tafiya a ƙaurina, daga ciki, yana hawa. Na waiga. Akwati a buɗe, gwangwanin hayaƙi a ƙasa ya mutu, Auta kuwa sai ƙurarsa can wajen rijiya. Rundunar da ta biyo ni, ban sani ba ko warin fetur ne ko baƙar safa, ta iso.

Ta farko ta same ni a bayan gwiwa. Ta biyu ta wuce nan. Zuma in ta yi harbi tana barin wani wari a wurin da ke kiran 'yan'uwanta, wannan ma yana cikin littafina. Na buga tsalle, sai na ji ƙugi a cikin hular raga, ba a waje ba, a ciki, dab da kunnena. Na fizge hular na yar, na kai wa kuncina mari. Da hagu. Hagun da ke riƙe da gwangwanin madara.

Na ji sanyinsa tun daga goshi har gemu. Ban tsaya bin ta kansa ba, don na cikin wando sun kai inda ba a faɗa. Na ja tazuge, ya ƙulle. Na ja da ƙarfi, ya tsinke. Wando ya sauka da kansa, na taka na fita daga ciki, na ɗauke shi ina kaɗawa a sama ina juyi, ina salati, ina kiran Auta da sunayen da ba nasa ba.

Kun san 'yar hanyar nan da ta ratsa gefen gonarmu zuwa ƙauyen su uwargida. Shekara da shekaru in ka ga mutum biyu a kanta da yamma ka ga da yawa. Ran nan mata ne, sun kai goma sha, suna dawowa daga suna da ƙoransu a ka. A gaba kuma surukata.

Shekara 11 da aurenmu, baiwar Allahn nan ba ta taɓa kallon tsabar idona ba, ni ma haka. In na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake tsugunawa, tana bayan labule, mu yi "lafiya lau, lafiya lau" in tashi. Yau ga ni tsaye a gabanta da gajeren wando, fuska shuɗiya shar, ina daga tutar shadda. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na tsuguna. Na ce, "Barkanku da yamma, Inna." A tsugunen wata ta ƙara mini a ƙeya, na miƙe da ihu, na tuna ban gama gaisuwa ba na sake tsugunawa.

Ita kuwa ta ɗaga kai tana kallon reshen ɗorawa kamar yau ta fara ganin ɗorawa a duniya. Ta ce, "Lafiya lau. Ku wuce, ku wuce." Wata tsohuwa a bayanta, wadda zan gane muryarta ko a lahira, ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Sannu da aiki! Sun yi taku kamar ashirin kafin dariyar ta fashe, sai kuma zumar ta kai gare su, aka watse da gudu, ƙwarya ɗaya ta faɗi.

Kawu bai motsa ba. Ko ɗaya ba ta taɓa shi ba. Shi ya tashi daga baya ya hura hayaƙi ya jera sandunan ya rufe mini akwatin, ba riga mai raga ba komai, yana yi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Wannan ya fi harbin ciwo.

Uwargida ta ƙirga 14 tana kankare ƙarin da bakin wuƙa. Kashegari ido ɗaya ya rufe, leɓe ya zama kamar na raƙumi. Fentin mai kuma ba ya jin sabulu, sai kananzir, wa zai goga kananzir a kan kumburi? Muka gwada man gyaɗa, ya ɗan tashi a goshi, ya zauna daram a gemu da gira da cikin kunne. Ranar Juma'a na naɗa rawani na rufe har hanci, ni da ban taɓa naɗa rawani ba, mutane suna ta tambaya ko an ba ni sarauta. Kawu ya ce eh, an ba shi, ta 2025 ce, ku duba kunnensa.

Zumar akwatin kuwa ran Asabar na je na tarar wayam, sun yi ƙaura, dama tamu ba ta jure wulaƙanci. A makon nan kuma amyar Kawu ta kan tsamiya, wadda ta shekara ba kowa, ta cika. Ya ce shi bai ga lamba a jikinsu ba.

Mai walda ya aiko yaronsa sau biyu a kan ɗari ukun. Na ce a gaya masa fentin bai yi aiki ba, ya ce a gaya mini shi ya ga ya kama. Wani abokina a Kano ya ce ya samo mini alƙalamin, amma shuɗi ne, ga shi 2026 fari ake so. Na ce ya ajiye tukuna.