Alhaji Saba, Gajere da Baba Maigadi

Alhaji Saba babbar kwamfuta ce mai ajiyar fayiloli, yana ba da aro ta tsarin NFS. Gajere kuwa ƙaramar kwamfuta ce a wani ofis, ba ya leƙa intanet sai ta hannun Baba Maigadi, wato rauta mai aikin NAT, wanda ke cire adireshin 'yan cikin gida ya liƙa nasa.

Gajere: Ranka ya daɗe, fayil ɗin nan kullum ni ke buɗe shi. Ka ba ni wakilci in riƙe shi a wurina mana, in huta da zirga-zirga.

Alhaji: Ni ba marowaci ba ne, yaro. Tun 2000 da NFS na 4 ya fito nake ba da wakilci. Sharaɗi ɗaya ne: ran da wani ya zo nema, zan kira ka ka dawo da shi. Ina zan same ka?

Gajere: 192.168.1.5.

Alhaji: Tsaya in gwada. Ba na sakin kaya sai na ji kira ya shiga. (Ya buga.) Gajere, kana ji na?

Murya: Takarda ta ƙare. A saka takarda.

Alhaji: Kai! Wannan ai firintar da ke bayana ce!

Gajere: Wallahi lambata ce, Alhaji.

Alhaji: Taka ce, tata ce, ta kowa ce. Duk abin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, tun 1994 aka ware shi. Ni da na duba, muryarka ma daga wani adireshi daban take fitowa.

Gajere: Na Baba Maigadi ne. Gwada ta nan.

Alhaji: (Ya sake bugawa.) A haɗa ni da Gajere.

Maigadi: Wa ya aiko ka?

Alhaji: Ba wanda ya aiko ni. Yanzun nan muke magana da shi ta ƙofa 2049.

Maigadi: To amsa masa ta can. Wancan layin shi ya buɗe daga ciki, na rubuta lambarsa da ƙofar da ya bi a littafina, duk amsar da ta dawo ina miƙa masa. Wannan kuwa sabon kira ne daga waje. Kwamfutoci ne cike da gidan nan, duk da adireshina suke yawo. Wa zan ba?

Alhaji: Ni ne fa Alhaji Saba!

Maigadi: Ko kai ne Sun Microsystems da ya haifi NFS a 1984. Ba ka cikin littafi.

Gajere: Haba Baba, a ware mini ƙofa ɗaya mana, duk wanda ya buga ta a turo mini.

Maigadi: Sai mai kula da gida ya rubuta da hannunsa. Kai kuma ka tsaya ga ƙofa ɗaya, ka daina ba mutane lambar ɗaka. Gobe Dogo ya ce a ware masa tasa, jibi wani. Ni kaɗai zan haddace ku?

Alhaji: Shi ke nan, babu wakilci. Karatu da rubutu ban hana ka ba, amma duk buɗewa sai ka zo ka nemi izini.

(Dogo, kwamfutar teburin gefe, ya miƙo wuya.)

Dogo: Ku dai kuna son wahala. Mu 'yan SMB, wato wani tsarin aron fayiloli irin NFS, in namu Alhajin yana son kayansa, ta layin da muka buɗe a ƙofa 445 yake faɗa. Baba bai ma san an yi ba.

Maigadi: Na sani sarai. Ba ruwana ne kawai, tunda layin yana littafi.

Alhaji: Au, wannan? Ai mu ma mun iya tun 2010. Gajere, kana jin NFS 4.1?

Gajere: Ina ji.

Alhaji: Shi ne ka bar ni ina hira da firinta? Ƙulla zama da ni, ka ce layin nan a riƙa tafiya da dawowa a kansa. Ba sai ka ba ni wata lamba ba. Ungo wakilcin.

Gajere: Allah ya ƙara arziki! Yanzu sai in miƙe ƙafa, ba ni ba magana sai baɗi.

Maigadi: Yi shirun ka gani. Layin da ya daɗe ba motsi goge shi nake yi, littafina ba shi da faɗi.

Alhaji: Ni ma wa'adina daƙiƙa 90 ne, haka Linux ya saita ni. In ya wuce ban ji ɗuriyarka ba, wani ya zo nema, zan ƙwace wakilcin. Abin da ka rubuta ba ka turo ba kuwa, kai ka sani.

Gajere: To in aka kashe Baba aka kunna fa?

Maigadi: Ko sunana ba na tunawa, balle naka.

Alhaji: Sai ka sake bugowa daga ciki, ka ɗaura sabon layin a kan tsohon zamanmu. Ni dai ba zan ƙara tsayawa a ƙofar tsohon nan ba.

(Aka ɗan jima.)

Gajere: Alhaji, ina nan.

Alhaji: Na ji.

Gajere: Alhaji, har yanzu ina nan.

Alhaji: Na ce na ji! Wai ba don ka huta da zirga-zirga ka karɓi wakilcin ba?

Gajere: Hutawar nake yi, ranka ya daɗe. Baba ne ke kallo na da abin gogewa a hannu.