Ku Bar Wa Yaran Nan Fatarsu

Wallahi yau zuciyata ta kasa natsuwa. A gidan suna na ga wata uwa ta zaunar da 'yarta, ba ta fi shekara uku ba, tana mulka mata man haɗi na bilicin daga wuya har ƙafa. Gaɓoɓin yatsun yarinyar sun yi baƙi ƙirin, kumatun sun yi jajir. Wai so ake ta "fito" kafin a sa ta makaranta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yar uwa, kin san abin da kike ɓatawa kuwa? Fatar nan hawa-hawa Allah ya tsara ta. Ta sama ƙwayoyin halitta ne a jere, na ƙasa suna haifar sababbi, na sama suna zubewa, cikin kusan sati 4 an sabunta ta ba tare da kin ɗaga yatsa ba. A gindinta ake samar da melanin, wannan duhun da kike ƙi, alhali shi ne ke kare ta daga ranar Kano da Sakkwato da Damagaram. Ƙarƙashinta akwai wata mai kauri, cike da zaren kolajin mai ba fata ƙarfi, da hanyoyin jini, da jijiyoyin da ke sa yaro ya janye hannu in ya taɓa garwashi. Can ƙasa kuma kitse ne, yana riƙe ɗumin jiki.

Shi man da kika saya a hannun mai haɗi, me yake yi? Sinadarin sitiroyid ɗin da ke cikinsa yana sirantar da fata, ya raunana kolajin, sai nankarwa, sai ƙuraje, sai ɗan ciwo ya ƙi warkewa. Ranar da za a yi tiyata, ɗinkin ma ya yi wuyar kamawa. Wanda ke da makuri kuwa, wato wani sinadari mai guba, ba a fata yake tsayawa ba, yana ratsawa cikin jini ya taɓa ƙoda da jijiyoyi. Kuma fatar yaro ta fi ta babba laushi, ta fi saurin zuƙa. Ba a banza hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna take ta jan kunne ba.

Na sani, ba ƙinta kike yi ba. Gori kike gudar mata, irin wanda ƙila aka yi miki kina ƙarama. Amma ita ba ta roƙe ki ba, ba ta ma san launi ba tukuna. Amana aka damƙa miki, za kuma a tambaye ki.

Ku ma iyaye maza da kakanni da gwaggwanni masu cewa "wannan fara ce, waccan baƙa", kuna da kaso a ciki. Yaran suna jin ku.

Don girman Allah, ki zubar da robar nan yau. In fatar ta riga ta taɓu, kada ki nemi wani haɗin, ki kai ta wurin likitan fata. Ku ji tsoron Allah, ku bar wa yaran nan fatarsu.