Yadda na zama rago saboda tallar zari-ruga

A arewacin Ingila akwai wani wasa da masu shi suka yi imanin cewa babu kamarsa a duniya, sai dai ita duniyar ce har yanzu labari bai kai mata ba. Zari-ruga iri biyu ne, akwai na Yuniyon mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wanda shi ne yawancin mutane suke gani a talabijin, akwai kuma na Lig mai 'yan wasa 13, wanda ƙarfinsa a Ingila bai wuce garuruwan da ke kan babbar hanyar M62 ba, irin su Hull da Leeds da Wigan da St Helens. Wannan karatu a bakin dattijon da nake haya a gidansa a Bradford na ɗauke shi, Bature ne tsohon ma'aikacin masaƙa, kuma sakataren wata ƙaramar ƙungiyar Lig ta unguwa da 'yan kallonta duk sun san juna har da sunayen karnukansu.

Dattijon ya haddace tarihin wasan, kuma ba ya jiran a tambaye shi. A ranar 29 ga Agustan 1895 aka yi taro a otal ɗin George da ke Huddersfield wanda ya kai ga ƙungiyoyi 22 suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta Ingila, saboda 'yan wasansu masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu waɗanda ke asarar ladan aiki idan sun je wasa, hukumar kuma ta hana a biya su diyya. A 1906 suka rage 'yan wasa zuwa 13, a 1922 suka ɗauki sunan Lig. Abin da na lura da shi, wanda ban taɓa samun ƙarfin halin faɗa masa ba, shi ne sun yi kamar matar da ta yi yaji ta koma gidansu amma ta ci gaba da amsa sunan mijin, don haka duk abin kirkin da ta yi a gari shi ake yi wa godiya.

Da ya ji cewa ilimin talla da kasuwanci ya kawo ni ƙasar, sai ya ɗauka addu'arsa ce ta karɓu. Ya bayyana mini cewa a 2022 manyan wasan sun ƙulla yarjejeniyar shekara 12 da kamfanin IMG mai harkar tallata wasanni domin a gyara musu suna a idon jama'a, su kuwa a unguwa ba su da kuɗin IMG, amma suna da ni. Dabarar da ya tanada ta samo asali ne daga 1996, shekarar da kuɗin talabijin na Sky suka kawo gasar Super League, aka mayar da wasan daga hunturu zuwa lokacin zafi, ƙungiyoyi kuma suka yi ta rungumar sunayen dabbobi, Bradford ta zama bijimai, Leeds karkanda, Warrington kyarketai. Ƙungiyarsa ta makara wajen rabon, manyan dabbobi sun ƙare, sai ta tashi da rago. Na gwada yi masa bayanin abin da aka koya mana, cewa hoton dabba ba ya gaya wa baƙo abin da ake sayarwa, amma kafin in kai aya ya riga ya fito da rigar ragon daga ƙarƙashin matakala, mai gashi da ƙahoni da warin zufar duk waɗanda suka riga ni.

Aka tsayar da ni a wani titi mai cike da shagunan 'yan Pakistan, a watan Yuni, rana tana dukan ƙahonina, hannuna riƙe da takardu masu hoton rago da rubutun cewa a zo ranar Asabar da iyali, yara kyauta. Babu wanda ya duba kalanda a cikinmu, alhali saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, kuma inuwar da na raɓa ta ƙofar shagon wani mahauci ce.

Mutumin farko da ya karɓi takarda wani tsoho ne mai jan gemu, wanda ya dube ni sama da ƙasa, ya shafa kuiɓina, sannan ya tambaya ko farashin ya haɗa da yanka da fiɗa. Na ce masa, "Baba, wasa muke talla." Ya amsa cewa ai layya ba abin wasa ba ce, ya shige wurin mahaucin. Daga nan mutane suka yi ta zuwa, wani yana son cinya kawai, wata tana tambayar ko da gaske ne ana bai wa yara nama kyauta.

Waɗanda suka gane cewa zari-ruga nake nufi ma ba su sauƙaƙa mini ba. Wani matashi ya taya ni murnar kofin duniya da Afirka ta Kudu ta ci a 2023, na ce wannan na Yuniyon ne, namu kuwa sunansa na 2021 amma a 2022 aka buga shi saboda korona, Ostareliya ta doke Samoa a Old Trafford. Sunan filin kaɗai ya ji, ya tambaye ni ko ina da tikitin Manchester United. Wani kuma da na ambaci Super League sai ya fusata, don ya ɗauka mai irin wannan suna ta ƙwallon ƙafa a Turai nake nufi, ya ce ai tun Afrilun 2021 magoya bayan ƙwallon ƙafa suka rusa wannan shiri na masu haɗama, kuma ya kamata in ji kunya. Babu abin da ya kai bayanin ƙa'idojin wasa wahala idan kan mutum yana cikin kan rago, amma na daure na riƙa cewa a namu idan aka kayar da ku sau shida sai ku miƙa ƙwallo, dire ƙwallo a bayan layi maki huɗu ne maimakon biyar, kuma ba ma ɗaga mutum sama ya cafe ƙwallo daga gefen fili.

Zufa ta shiga idona, na yi tuntuɓe da bakin titi, sai "wayyo Allah" ta kuɓuce mini da ƙarfi. Wata Hajiya da ke wucewa da 'ya'yanta ta tsaya cak ta ce, "Innalillahi, ragon nan Bahaushe ne!" Ta leƙo ta bakin ragon har muka haɗa ido, ta ce, "Ɗan nan, karatun da iyayenka suka turo ka ke nan?" Na gaishe ta da ladabi gwargwadon yadda ƙahoni suka bari, na yi mata bayani. Ta ce ai ta san wasan, na masu baƙaƙen rigunan nan ne da ke zare ido suna buga cinya kafin a fara. Na ce waɗannan All Blacks ne, 'yan wasan New Zealand na Yuniyon, namu na ƙasar tasu Kiwis ake kiransu, sai dai su ma baƙaƙen riguna suke sawa, su ma suna zare idon. Ta ce to Allah ya kyauta, ta ɗauke ni hoto.

Ranar Asabar dattijon ya tsaya a bakin fili yana ƙirga sababbin fuskoki. Hajiya ta zo da yaran saboda kyauta ne, ta kuma shafe wasan tana tambayar dalilin da ya hana alƙali raba faɗa, yaran kuwa sun ji daɗi har ƙaraminsu ya kayar da yayansa a hanyar fita. Wani bawan Allah ya zo da babbar kula ya zauna har aka tashi yana jiran a fara rabon nama. Dattijon ya yanke hukuncin cewa rago ya yi aiki, ya saka mini da fanken nama irin nasu wanda da na tambaya aka ce na alade ne. Shi kuwa mahaucin, wanda littafin odarsa ya cika a ranar, ya aiko mini da cinya guda tare da saƙon cewa idan ƙungiyar za ta ara mini rigar baɗi, zai biya ni da awa, kuma zai sa mini fanka a ƙofar shago.