Yadda Na Mutu a Yaƙin Bennington

Maƙwabcina a birnin Albany, wani dattijo mai son tarihi, ya daɗe cikin wata ƙungiya ta masu kwaikwayon tsofaffin yaƙe-yaƙen Amurka. Ranar da ya ce mini suna neman wanda zai cike gurbin sojan doki a kwaikwayon yaƙin Bennington, ban bari ya rufe baki ba na amsa. Ni da na taso ina kallon hawan sallah daga kafaɗar kawuna, nan take na sanar da abokai a gida cewa su saurari hotuna.

Sai da muka isa filin, wanda yake Walloomsac a jihar New York, kimanin mil 10 daga garin Bennington na jihar Vermont, sannan dattijon ya ga dama ya karanta mini sauran tarihin. A shekarar 1777 Janar Burgoyne na Ingila ya gangaro daga Kanada, abinci ya fara yanke masa, sai ya tura Laftanar Kanar Friedrich Baum da mutum kusan 800 su je su kwaso shanu da hatsi da dawaki. Da dama daga cikinsu Jamusawa ne na Brunswick, cikin sojojin Jamus kimanin 30,000 da Ingila ta ɗauko haya a wannan yaƙi. Sojan doki ne a suna, amma a ƙasa suka zo, domin ba a turo su da dawaki ba, kuma neman abin hawan yana cikin dalilan fitowarsu. Na tambayi dattijon ko sun samu, ya girgiza kai yana miƙo mini kwat na ulu.

Zafin watan Agusta ne, ga kwat, ga takalmin da ya matse mini yatsu, ga dogon takobi da yake shiga tsakanin ƙafafuna duk taku ɗaya. Da na hango abokan gāba, 'yan sa-kan Janar John Stark, manoman New Hampshire da kewaye, suna yawo cikin 'yar shara suna shan iska, na nemi a mayar da ni ɓangarensu. Aka ce can ya cika tun da safe, domin kowa ya san su ne suka ci. A ranar 16 ga Agusta ta shekarar 1777 Stark ya zo da mutum wajen 2,000, kuma an ce ya gaya musu ko dai a ci abokan gāba, ko kuwa matarsa Molly ta kwana cikin takaba. Mu ba wanda ya yi mana irin wannan jawabi. Kwamandanmu, saboda tsananin bin ƙa'ida, da Jamusanci yake ba da umurni, tun da shi ma Baum ba ya jin Turanci, saboda haka duk inda rundunar ta juya ni ina kallon wata kusurwa daban.

Umurni ɗaya kawai na fahimta sarai, shi ne idan aka harba igwa karo na biyu in faɗi in mutu. Na zaɓi inuwar wata bishiya tun da wuri, na yi ta matsawa kusa da ita a hankali, igwar tana tashi na zube kamar buhun gero. Ban taɓa jin daɗin kwanciya irin na wannan lokaci ba. Hayaƙin albarushi ya rufe tudun, manoma suna ihu suna hawowa ta gaba da ta baya, yadda aka yi wa Baum zobe har ya sami raunin da ya yi ajalinsa, aka kashe masa mutum kusan 200, aka kama wajen 700 idan an haɗa da na rundunar Breymann da ta kawo ɗauki a makare.

Ina cikin wannan hutu sai waya ta ɗauki ƙara a aljihun wandon da na bari a ƙarƙashin kayan soja. Hajiya ce daga Funtuwa, kuma ba a haifi ɗan da zai ƙi ɗaukar wayar Hajiya don ya mutu ba. Na ɗauka ina kwance, na gaishe ta ƙasa-ƙasa, daidai lokacin da aka sake sakin igwa. Ta ce, "Kai, ina kake haka?" Na ce, "Hajiya, muna filin yaƙi ne, amma na wasa." Kalmar ƙarshe ba ta kai kunnenta ba, sai salati. Wani ɗan sa-kai mai furfura, wanda aikinsa ya tsallake gawata, ya tsaya da bindigarsa cikin ladabi yana jira in gama, 'yan kallo kuma suka bar yaƙin suka juyo da wayoyinsu kaina.

Na rantse mata cewa an gama wannan yaƙi tun 1783. Ta ce in daina yi mata wayo, in miƙa wa babbanmu wayar, ita za ta roƙe shi da kanta ya sallame ni.