A taƙaita babbar riga, amma a bar mata ƙa'idarta

Daga Kano har Legas da Dakar, matasan teloli sun koma kan babbar riga suna sabunta ta, kuma abin yana faranta mini rai. Tun 1998 da Alphadi, mai zana tufafi na Nijar, ya fara bikin nunin tufafin Afirka na FIMA a hamadar yankin Agadez ake ganin suturarmu tana fita kunya a idon duniya. Sai dai akwai ɓarnar da ake ta maimaitawa da sunan zamani.

Cikakken saiti, wato riga da 'yar ciki da wando, yadi 10 yake ci, kusan rabinsa na babbar rigar ne. Faɗinta kuwa daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu ake aunawa, mutum ya miƙe hannuwansa. Yanzu ana yanke ta a gwiwar hannu don ta yi sauƙin sawa. Ban ƙi ba, matashin da zai hau babur ko ya tuƙa mota yana da hujja. To amma idan ka rage faɗi, dole ka rage aikin wuya, in ba haka ba rigar ba za ta naɗu a kafaɗa ba, zamewa za ta riƙa yi.

Babbar matsalar tana wurin aikin kwamfuta, wato adon zaren da inji ke yi wa riga. Ana zuba zare mai kauri, ɗinki a cunkushe, a kan yadi marar nauyi, sannan a manna gam a ciki don ya tsaya. Ranar farko gwanin sha'awa. Da an wanke sai yadin ya tsuke, gam ɗin bai tsuke ba, ƙirji ya yamutse, wuya ya rinjayo gaba. Guga ba ta gyara wannan. Maganinsa tun kafin almakashi ne: a jiƙa yadin auduga ya bushe kafin yanka, a gwada zanen a ƙyalle, a sassauta cunkoson zaren, a ninka wurin aikin da irin yadin rigar. Idan shadda ce ta rasa ƙyalli, a kai wa mabuga.

Ku dubi tsohuwar aska takwas, rigar da ake yi wa zane mai tsini kamar askaki, ta masu aikin hannu na Zariya. Askakin suna kan aljihu a hagu, tambari, wato zagayayyen zane, a dama, wani tambarin a baya, ga shafi, wato yadin da ake ɗinka wa bakin rigar ta ciki, a ƙasa yana jan rigar ta zauna. Nauyi ne aka raba da lissafi. Mai zanen yau da ya tara komai a tsakiyar ƙirji ya bar baya fayau, shi ya jawo rigarsa take shaƙe mai ita.

A canja launi, a sa saƙi ko rinin Ƙofar Mata, a ɗinka wa mata ma. Amma duk telan da zai taɓa babbar riga, ya fara samun tsohuwa ya juya cikinta, ya auna faɗin shafinta da tazarar aljihu daga wuya kafin ya yanka tasa.