Ranar da Aka Ba Ni Hanya a Bikin Ƙanwata

Duk rigar nan ce ta jawo mini. Wata riga ce mai ƙyalli, ruwan ɗorawa, da na samo lokacin da na yi wata 3 ina riƙe tuta a wani aikin titi. Aikina bai wuce in ɗaga ja in ɗaga kore ba, amma kafin labarin ya iso gida ya zama wai da injiniyoyi nake aiki. Ni kuwa ban ga dalilin ƙaryata manya ba.

Da aka zauna shirin bikin ƙanwata aka raba kwamitoci: na abinci, na rumfa da kujeru, na goro da alawa. Sai Kawu ya ce saura hanya, tunda a ƙofar gida za a ɗaura, bayan an sauko Juma'a, kuma dole a tare layin. Ya waigo ya dube ni ya ce, "Ga injiniya a zaune, me muke nema?"

Unguwarmu tana tsakanin titin Gidan Zu da titin Zariya, ba nisa da gadar Dangi. Duk direban da ya hango alamar cunkoso a babban titi, lungunanmu yake faɗowa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 kuwa, 'yan adaidaita sahu suka gaji gari, har sun fi masu gidajen sanin lungunan.

Na samo kwalin taliya na zana taswira. Benci biyu a kowane bakin layi. Mai shigowa daga wajen Gidan Zu zai karya hagu a wurin mai shayi, ya bi bayan makarantar allo, ya ɓulla ta injin markaɗe zuwa layin gaba. Masu zuwa biki su ajiye motoci a filin ƙwallo. Na yanka kibiya 3 da kwali, na ɗauki yara 4, kowa na saya masa usur. Har Inna sai da na tsare da darasi: ba a kafa alama a bakin inda aka rufe, can nesa ake fara kafa ta, tun direba yana da zaɓi, sannan a ƙara wata, sannan a dinga matse hanyar a hankali. Ta ce, "To, Allah ya taimaka," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Darasi ɗaya ne na sani sarai na tsallake: hanyar da za ka tura mutane, ka taka ta da ƙafarka a ranar. Ni ranar Litinin na bi ta, a kan babur. Ranar Laraba 'yan kwangila suka fara haƙa lambatu a layin gaban, suka jera durom suka rufe, suka kafa tasu kibiyar. Ba su yi laifi ba, har mai unguwa sun sanar. Ni ne ban tambaye shi ba, ban kuma leƙa wajen 'yan Karota, masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano, ba, don a ganina injiniya ba ya neman shawara.

Kibiyarsu tana nuna layinmu. Tawa tana nuna nasu.

Wani mai adaidaita ne ya fara wucewa ɗauke da mutum da rago. Na ɗaga masa hannu cikin isa, ya karya hagu. Can sai ga wani da rago. Na ce a raina, yau kasuwar dabbobi ta yi kyau. A karo na uku ragon ya kalle ni irin kallon wanda aka saba, direban ya taka burki ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah, unguwar nan tana da ƙofar fita?"

Ashe shatale-tale na haɗa, mai gidaje kusan 30 a tsakiya.

Kafin in yi wani tunani sai ga tifa ɗauke da yashin 'yan kwangilar, ta bi kibiyata cikin biyayya ta shiga bayan makarantar allo. Da babur na auna lungun nan. Tifar ta zo kwana ta tsaya cak, gaba katanga, baya motoci, a bayansu 'yan ga-ruwa da kurarsu. A wurin aiki, idan hanya ta koma ta mota ɗaya, mai tutar wannan baki ba ya sakin motoci sai na wancan bakin ya tsayar da nasa. Yarana ba su san wannan ba, domin ban faɗa musu ba. Kowa yana busa usur yana cewa a shigo. Ɗaya ma, Allah ya yi masa basira, ya fara ɗage benci a kan naira 100.

Wayata ta yi ƙara. Wakilin ango ne, kuma sadakin yana aljihunsa. Ya ce, "Ɗana, muna jin lasifika, muna hango kan rumfa, amma ƙofar mota ba ta buɗuwa." Katanga ta dama, katanga ta hagu. Ta taga dattijon nan ya fito, mutum uku na ja, malum-malum ta maƙale a madubi, hula ta gangara ta faɗa kwata. Yana ta salati, almajirai suna ta tafi.

Nan mutane suka fara yo kaina, ganin rigar ruwan ɗorawa. Na zagaya bayan rumfa na cire ta, na cusa a ƙarƙashin babbar riga, na dawo cikin jama'a ina girgiza kai ina cewa, "Kai, wane marar lissafi ne ya tsara wannan abu?" Har na samu masu goya mini baya. Sai ga shugaban leburorin ya taho riƙe da kwalina yana tambayar mai shi. Kowa ya yi shiru. Ya juya bayan kwalin ya karanta da ƙarfi. Na manta na rubuta sunana, har da "Injiniya" a gaba, na ja layi biyu a ƙasa.

Mai unguwa ne ya warware, ba riga ba usur, da sandarsa kawai. Ya sa aka janye ƙafar rumfa ɗaya, aka ɗage benci, aka buɗe gefen layinmu ya zama wanwe, fita kaɗai. Ya tsayar da mutum a bakin titi ya hana kowa shigowa. Da bayan tifar ya yi sarari, yaron motar ya yi ta bugun bodi tana ribas har ta fita. Minti 20 bai cika ba.

An sa ɗaurin aure ƙarfe 2:30, ba a shafa fatiha ba sai da aka kira la'asar. Direbobin da na tsare duk sun zama shaidu, goro bai isa ba. Direban tifa ya ci faranti biyu, ya yi wa amarya addu'a mai tsawo, mai rago ma ya ce amin.

Bana ƙanwar tawa ta haihu. A taron shirin suna Kawu ya karanto kwamitoci, na ji sunana a ɗaukar kujeru. Ya sauke takardar ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce wa Yaya, "Kujerun ma ku nuna masa inda zai bi da su."